Shekara uku da tsohuwar motar zango: abin da na duba da abin da na biya

Kafin in mallaki tawa, na yi kusan shekara biyu ina leƙen motocin mutane. Duk inda na hango tsohuwar motar zango, wato irin ƙaramar bas ɗin nan da aka mayar da cikinta ɗaki, da gado da murhu da wurin wanke kwano, sai na rage gudu. In a ƙafa nake kuwa, sai na tsallaka titi na zagaya ta. Uwargida tun tana tambayar me nake dubawa har ita ma ta koma nuna mini: "Baban yara, ga wata can, amma gilashinta guda ne." A wannan kallon na koyi rabin abin da ya cece ni ranar ciniki. Sauran rabin sai da na kwanta a ƙarƙashin mota, garin tsatsa yana zubo mini a fuska, sannan na san shi.

Na Volkswagen na fi bi, saboda su suka fi yawa a cikin tsofaffin, kuma gane su akwai daɗi. Abin da ido zai fara nema gilashin gaba ne. Idan a rabe yake gida biyu da ƙarfe a tsakiya, goshin motar kuma yana da zane mai kama da harafin V da ƙaton tambari a tsakiyarsa, to kana gaban ta farko ce, wadda ake kira T1. Wani ɗan kasuwa mutumin Holan, Ben Pon, shi ya zana siffarta a littafin aljihunsa a 1947, aka fara ƙera ta a Wolfsburg a watan Maris na 1950, kuma Jamus ba ta daina yin ta ba sai 1967. Irin wannan sau huɗu kacal na taɓa ganinta tana tafiya da ƙafarta a kan titi, kuma ina iya tuna kalar kowacce.

Wadda ta gaje ta, T2, gilashinta guda ne, faffaɗa, mai ɗan lanƙwasa. An yi ta a Jamus daga 1967 zuwa 1979, kuma a nan ne kallon ya fi shiga raina, domin a cikin shekarun nan goma sha biyu ta yi ta sauya kama kaɗan-kaɗan. Na farko-farkon, fitilun sigina na gaba a ƙasa suke, kusa da bamba, fitilun baya kuma ƙanana. Daga samfurin 1973 sigina ta hau sama, ta zauna a gefe da gefen ragar shan iska da ke ƙarƙashin gilashi, bamba ta zama mai kusurwa. Akwai ta 1972 da ta tsaya a tsakiya: gabanta na da ne, bayanta kuwa da dogayen fitilu irin na baya-bayan nan. Ranar da na fara tsintar irin wannan da idona, ba tare da kowa ya nuna mini ba, na yini ina jin daɗi. In kuma ka ga T2 da baƙar ragar roba a gaba, rufinta ya ɗan ɗaga, to 'yar Brazil ce ko Meziko, mai lagireto. A Brazil ba su rufe ƙera ta ba sai a Disambar 2013, da doka ta wajabta jakar iska da birki na zamani a sababbin motoci.

Ta uku, T3, ba ta da wuyar ganewa, jikinta kusurwa-kusurwa ne kamar akwati. Ta fito a 1979, Turawan Ingila suna ce mata T25, na Amurka kuma Vanagon. Dabarar da na koya a kanta ita ce ƙirga ragar gaba. In raga ɗaya ce tsakanin fitilu, injin iska ke sanyaya shi. In akwai ta biyu a ƙasa, to na ruwa ne. Ita ce ta ƙarshe mai inji a baya, domin T4 da ta zo a 1990 injinta a gaba yake.

Duk wannan kuwa jikin mota ne kawai. Shi ɗakin, wasu kamfanoni ne daban suke karɓar motar su gina shi a ciki, kuma rufin nan da ake ɗagawa shi ke tona asirin wanda ya yi aikin. Westfalia na Jamus, wanda ya fara wannan sana'a a kan motocin Volkswagen tun 1951, rufinsa a kan T2 ta baya yake buɗewa har zuwa 1973, daga 1974 kuma aka juya shi ya koma buɗewa ta gaba. Dormobile na Ingila nasa ta gefe yake tashi, kamar ka buɗe murfin akwati, tamfol ɗinsa mai ratsi-ratsi. Mota tana gudu a ɗaya hannun titi ma kana iya faɗin wanda ya gina ta in ka san inda hinjin rufin yake.

Da na zo kan maganar kuɗi, nan da nan T1 ta fita daga lissafina. A Janairun 2017 an sayar da wata ta 1965 mai tagogi 21 a wajen gwanjo a Amurka a kan dala 302,500. Wannan ba ma motar zango ba ce, ta fasinja ce ta alfarma, kuma ba kowace ce ke kai haka ba, amma irin wannan ciniki yana jan kuɗin duk danginta sama. Tsarin kasuwar a bayyane yake: T1 ce a sama, sai T2 ta farko-farko, sai ta baya-baya, sannan T3, in ban da nau'inta da ake kira Syncro, mai jan ƙafa huɗu, da aka haɗa a Graz ta Ostiriya, wadda ita ma ta yi tsada. Na so T3 saboda ta fi faɗi kuma ta fi daɗin tuƙi. Abin da ya sa na ja baya shi ne injinta na fetur mai ruwa: lagireto yana gaba, inji yana baya, dogayen bututai suna ratsa ƙarƙashin motar, ga shi an san injin da yoyo ta gasket, wato abin da ke toshe mahaɗar kan injin. Ni kuwa ina son injin da zan iya fahimta da kaina. Sai na tsaya a kan T2 ta baya-baya.

Mota ta farko da na je gani ta yi kyau har na ji gabana ya faɗi. Sabon fenti, ja da fari, labule a guge, tayoyi an shafa musu mai. Wani abokina bakanike ne ya raka ni, kuma tun a hanya ya ba ni ɗan maganaɗisu ya ce in naɗe shi a ƙyalle don kada in karce wa mutane fenti. Na ɗora shi a tsakiyar ƙofa, ya kama tam. Na gangara da shi ƙasa zuwa gindin bodi, sai ya sulale ya faɗi. Na gwada a saman taya ta baya, nan ma ya faɗi. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa babu ƙarfe, foti ne aka cika wurin da shi aka bi da fenti. Mai motar ya ce ai an ɗan yi gyara ne a wurin. Abokina ya nemi hotunan gyaran, babu ko ɗaya. Da muka koma mota ya ce da ni, "Kyan ɗan maciji ke nan. Bayan shekara biyu fentin nan zai kumbura, ka biya kuɗin fenti sau biyu, na walda sau ɗaya."

Ta biyu an tallata ta a matsayin Westfalia ta asali, kuma kuɗin Westfalia aka sa mata. Nan lambar shasi ta yi mini rana. A motocin T2 lambar da 2 take farawa, ta biyun ita ke faɗin irin motar: 1 ta ɗaukar kaya ce marar tagogi, 2 ƙaramar bas ta fasinja, 3 kuma Kombi, mai ɗaukar kaya da fasinja duka, wadda a kanta Westfalia ta fi yin aikinta. Ta uku ita ce shekarar samfuri. Wannan motar da 21 ta fara. Ke nan motar kaya ce wani ya yanka mata tagogi daga baya, ya sa kabad-kabad. Ba aibu ba ne mota ta zama haka, akwai masu kyau a cikinsu, amma ba a sayar da ita da sunan abin da ba ita ba. Na nuna wa mai ita lambar, ya ce shi ma haka aka sayar masa. Wataƙila gaskiya ya faɗa.

Ta uku ko hoton kirki ba ta da shi. Wani dattijo ne ya ajiye ta a rumfa, ya ce gwiwarsa ta daina yarda da kuloci. Koriya ce, fentin ya koɗe ya yi fari-fari a rufi, kujerun da yadinsu na asali mai ratsin kore, kabad-kabad duk a jere a gefe guda. Lambar ta fara da 236: Kombi, samfurin 1976. Shekarar samfuri a wurinsu daga Agusta take farawa, saboda haka mai yiwuwa ne tun a ƙarshen 1975 ta fito daga masana'anta.

Na ce, "Baba, ko ka yarda in shiga ƙarƙashinta?"

Ya ce, "Shiga mana, ɗana. Wanda bai shiga ba ai ba saye ya zo yi ba." Da kansa ya ɗauko mini kwali na shimfiɗa.

Na shiga da tocila da sukudireba. Ƙarƙashin irin wannan mota yana da manyan ƙarafa biyu da suka miƙe daga gaba zuwa baya, sai wasu ƙanana da suka fita daga jikinsu zuwa gefe kamar haƙarƙari, suna riƙe da gindin bodi da wuraren kafa jak. Manyan biyun na bi su taku-taku ina ƙwanƙwasawa, ƙara suke yi tangaran, har baƙin fentinsu na nan a wurare da dama. Na ji sanyi a raina. Da na zo kan ƙananan na gefen ƙofar da ake ja, na danna sukudireba a wurin kafa jak, sai kawai ya shige kamar na soka shi a busasshen ganye, wani jan gari ya zubo mini a wuya. Na matsa gaba, na sake dannawa, nan ma haka. Na fito na buɗe murfin inji a baya na ɗaga batir. Farantin da yake zaune a kai ya cinye, ina hango ƙasa ta cikinsa, domin ruwan batir ya daɗe yana ɗiga a wurin. Matakalar shiga gaba ta ɓangaren direba ita ma ta yi laushi. Amma babban ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba, wanda yakan ruɓe daga ciki, lafiyarsa lau. Magudanar ruwan rufi ba ta huje ba, ƙasan gilashin gaba kuma bai kumbura ba.

Wannan bambancin shi ne duk cinikin. Tsatsa a motar nan ta fi ta jar motar farko fitowa fili, amma ba ta taɓa ƙashin baya ba, kuma babu wanda ya rufe ta da foti. Abin da na gani shi ne abin da ke akwai. Gindin bodi, haƙarƙarin nan, farantin batir, matakala, duk ana ƙera sababbinsu ana sayarwa, saura a yanka a liƙa.

Abokina shi ya duba inji. Mai silinda huɗu ne, 1600, ƙarfin doki 50, iska ke sanyaya shi. Ya sa hannu ya tabbatar a sanyaye yake kafin a tayar, don wasu sukan ɗumama inji kafin mai saye ya iso. Sannan ya kama babbar fulin da ke ƙasa da hannu biyu ya ja ta gaba da baya. Ya ce bai kamata ido ya ga motsinta ba. Wannan kuwa ta ɗan yi ƙwas. Ya dube ni ya ce injin zai kai ni shekara ɗaya ko biyu, amma in fara tara kuɗinsa tun yanzu. Dattijon bai musa ba. Ya shiga gida ya fito da wata tsohuwar jaka cike da rasidai, na juyen mai, na birki, na taya, wasu tawadar ta koɗe. Na lissafa masa abin da na gani ɗaya bayan ɗaya, ya rage abin da ya rage, ya sallama. Ban tuƙo ta ba, a bayan babbar mota aka ɗauko mini ita, saboda tayoyinta sun haura shekara goma kuma ban yarda da tiyon mai ba.

Kuɗin da na biya ranar ba zai amfani kowa ba in na faɗe shi, tunda ya danganta da ƙasa da shekara da kuma wanda ka tarar. Abin da zai yi amfani shi ne yadda sauran kuɗin suka tsaya kusa da shi. A littafin da na buɗe wa motar, na ɗauki kuɗin saye a matsayin 100, duk abin da ya biyo baya ina auna shi da wannan. Ɗauko ta zuwa gida ya ci 4.

Walda ce ta fi komai ci, kuma ita ce ta fi koya mini haƙuri. Mai waldar ya duba ya yi mini ƙiyasin da ya kama 40, amma ya gargaɗe ni: "Malam, wannan na abin da muke gani ne. In na yanka, akwai abin da zai fito." Haka kuwa aka yi. Gindin bodin nan hawa-hawa ne, akwai na waje, akwai na ciki, a gefen ƙofar da ake ja kuma akwai hanyar da ƙafar ƙofar ke bi. Da ya cire na waje sai ga na ciki ya zama kamar raga. Da ya ɗaga shimfiɗar katakon ɗakin, sai ga wani wuri kamar faɗin tafin hannu biyu a daben ƙarfe ya ruɓe, daidai ƙarƙashin wurin wanke kwano, inda wani bututu ya yi shekaru yana ɗiga ba wanda ya sani. Duk bayan kwana biyu sai ya kira ni in zo in gani kafin ya ci gaba. Na ji daɗin wannan hali nasa ƙwarai, kuma na ɗauki hoton kowane wuri kafin a rufe shi, saboda na tuna mai jar motar nan da ba shi da hoto ko ɗaya. Wani abin da ban sani ba sai a lokacin shi ne sababbin ƙarafan da ake sayarwa ba duka suke zama daidai ba. Masu arha sirara ne, lanƙwasarsu ba ta hau, sai mai walda ya ɓata awa biyu yana bugu kafin guda ya zauna, kuma awannin nan kai za ka biya. Bayan na farko na koma sayen masu tsadar. Aikin da aka ce wata ɗaya ya ci wata uku, kuɗinsa ya tsaya a 62.

Akwai daren da na zauna da littafin nan na yi shiru. Uwargida ta leƙo ta ga lambobin, ta ce, "Yanzu in ka sayar da ita a yadda take, rabi a yanke, nawa za a ba ka?" Na ce ko kuɗin saye ba zai dawo ba. Ta ce, "To ka ƙarasa, amma fenti ya jira." Da shawararta na yi aiki. Wuraren da aka yi walda kawai aka fesa, aka cika cikin ƙarafan da kakin hana tsatsa, sauran jikin ya zauna da koɗaɗɗen korensa har shekara ta uku.

Abin da ban yarda ya jira ba shi ne duk abin da zai iya kashe mutum. Tankin mai a wannan mota yana gaban injin ne, a sama da shi, saboda haka in tiyo ya tsage fetur da kansa yake gangarowa kan inji mai zafi, kuma ba zai tsaya ba sai tanki ya ƙare. Da yawa daga cikin irin motocin nan ta haka suka ƙone. Ga shi fetur na yanzu ana gauraya shi da itanol, a Ingila har kashi 10 cikin 100 tun Satumbar 2021, shi kuwa yana cin tsohuwar roba. Da na ciro tiyon da ke zuwa kabureta na lanƙwasa shi, sai ga tsaga birjik a ƙarƙashin zaren da aka naɗe shi da shi. Na canza duka da irin wanda ke jure itanol, na sa abin kashe gobara a bayan kujerar direba. Birki na gaba faifai ne, na baya ganga, duka an sabunta su da tiyonsu, aka sa tayoyi masu ɗaukar nauyi, domin mota ce mai kaya a ciki kullum. Wannan rukunin ya ci 14.

Cikin ɗakin ma akwai nasa haɗarin. Tiyon gas da ke zuwa murhu ya bushe ya yi tauri, na kira mai aikin gas ya canza shi da kan tukunyar, ya gwada ko akwai yoyo. Ɗumin cikin motar kuma daga jikin salansa ake ɗebo shi, iska tana bi ta wasu akwatunan ƙarfe da suka lulluɓe bututun hayaƙi, ta taho gaba. In bututun ya huje, hayaƙin da ba ya wari shi zai shigo inda iyalinka suke zaune. An canza akwatunan biyu, na kuma rataya na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska mai guba. Da batir na biyu don fitilun ɗaki da firij, da sababbin wayoyi inda wani ya taɓa yin ƙulle-ƙulle, aka tashi a 9. Tamfol ɗin rufi da robobin tagogi suka ci 11. Tamfol ɗin ni da babban ɗana muka sa shi a yini guda, yana riƙe ina ɗaurewa.

Tuƙa ta wani karatu ne daban. Kana zaune ne a kan tayar gaba, babu hanci a gabanka, sitiyari a kwance kamar faranti kuma da ƙarfin hannunka kake juya shi. In babbar mota ta wuce ka sai ka ji iska ta ture ka gefe. Gudun da take so tsakanin kilomita 80 da 90 ne a awa, in an zo hawa kuma sai ka sauko giya ta uku ka bi a hankali. A lissafina takan sha wajen lita 12 a kilomita 100. Injin ba shi da matatar baƙin mai irin ta motocin yanzu, 'yar raga ce kawai a ƙasa, man kuma lita biyu da rabi ne, shi ya sa ake juye duk kilomita 5,000. A lokacin ne kuma ake saita bawul, inji a sanyaye, tazarar milimita 0.15. Abokina ya nuna mini sau biyu, na uku na yi da kaina, kuma tun daga nan wannan kuɗin ya daina fita daga aljihuna. Ya kuma ja mini kunne a kan robar da ta zagaye injin ta raba samansa da ƙasansa. In ta yage, fanka za ta riƙa zuƙo zafin salansa tana hura wa injin da ya kamata ta sanyaya.

A tafiyarmu ta biyu, muna tsakiyar hanya da yamma, jar fitilar caji ta kama a gabana. A wata motar sai ka ce bari in kai gari. A wannan kuwa bel ɗin da ke juya janareto shi ne ke juya fankar sanyaya inji, in ya tsinke minti kaɗan ya isa injin ya ƙone. Na sauka gefen titi nan take na kashe. Da na buɗe murfin, zafi ya bugi fuskata, bel ɗin yana kwance a ƙasa ya rabe biyu. Akwai sabo a ƙarƙashin kujera, dattijon ne ya bar shi a wurin tare da sifana. Fulin sama gida biyu ce, da wasu siraran zobba a tsakaninsu, da su ake ƙara ko rage ɗaurin bel. Ƙaramar 'yata ta riƙe mini tocila tana ƙirga zobban a tafin hannunta don kada ɗaya ya ɓace a ciyawa. Cikin rabin awa muka tashi. Daren nan muka ɗaga rufi, yara biyu suka hau gadon sama, muna jin su suna raɗa ta cikin tamfol har barci ya ɗauke su.

Injin ya kai wata goma sha tara kafin fitilar baƙin mai ta fara ƙyaftawa in ya yi zafi, ga ɗigon mai a duk inda na tsaya. Ban jira ya fashe ba. Ƙusoshi huɗu ne suka haɗa shi da giya, mu biyu muka sauke shi a kan jak kafin rana ta yi tsaka, aka kai wa mai gyaran irinsu. Da sabon kuloci da gyaran kabureta ya ci 35. Fenti da ya zo a shekara ta uku, bayan an kankare rufi da ƙasan ƙofofi, ya ci 25.

In aka tara, a kan 100 na saye na ɗora 160 cikin shekara uku. Ban sa na yau da kullum a ciki ba, wato inshora, hayar rumfar da take kwana, baƙin mai, da ƙananan abubuwan da ba sa ƙarewa, waɗanda sukan kama wajen 15 a shekara ban da fetur. Kuɗin rumfar nan shi ne wanda ban taɓa jin ciwon biyansa ba, domin motar da ke kwana a ruwa da raɓa walda take tara wa mai ita. A wasu ƙasashen tsufan motar yana rage wani nauyin. A Jamus motar da ta cika shekara 30 kuma tana nan kusa da yadda aka ƙera ta tana iya samun lamba mai harafin H, harajinta na shekara yuro 191.73. A Ingila wadda ta haura shekara 40 ana iya yafe mata harajin hanya da gwajin shekara-shekara, muddin ba a sauya mata manyan sassa ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa wadda ba a taɓa asalinta ba ta fi tsada, kuma shi ya sa na bar kabad-kabad ɗin tawa yadda suke, ko da yake gefen ɗaya ya ɗan ɓantare.

Da na sayi wadda wani ya riga ya gama gyarawa da hotunan aikinsa a hannu, mai yiwuwa da kuɗin bai kai haka ba, don wanda ya yi gyara ba kasafai yake mayar da abin da ya kashe ba. A lokacin ba ni da kuɗin a dunƙule, kuma ban iya bambance gyaran gaskiya da na foti ba sai da abokina a gefe. Yanzu in na tsaya kusa da motar wani, kafin in kai ga sigina da hinjin rufi, idona ya riga ya sauka kan gindin bodi da ƙasan gilashi.

A makon jiya ina wanke tawa na ga wani ɗan kumburi a kusurwar gilashin gaba ta hagu, bai fi girman ƙwayar wake ba, daidai inda roba ta haɗu da fenti. Na danna shi da farce, ya ɗan nutsa. Na yi odar sabuwar robar gilashi, na kira mai walda, ya ce in kawo ta bayan ƙarshen wata a cire gilashin a ga iya inda ta ci.